Yadda ake haɗa damin katin Magic a kan Purphoros, gunkin maƙera

Wanda ya saba da karta ko Whot ya san cewa kowa daga tari ɗaya yake ja. A wasan Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira kuma kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993, kowane ɗan wasa da nasa damin yake zuwa, kuma shi ya zaɓi kowane kati da ke ciki da hannunsa. Don haka rabin wasan a ɗaki ake gama shi, tun kafin a zauna a kan tabarma. Abin da zan nuna a nan shi ne yadda ake haɗa dami na salon da ake kira Commander, a ɗora shi a kan Purphoros, ɗaya daga cikin katunan gumakan wasan.

A gane tun farko: waɗannan gumaka na tatsuniya ne, zane ne a kan takarda da kamfanin ya ƙago ta hanyar kwaikwayon almarar Girkawan dā. Duk da haka mu a Kano muke, kuma akwai wanda zuciyarsa ba za ta kwanta da riƙe irin wannan kati ba. Kada ka matsa masa. Kusan duk abin da ke ƙasa zai yi aiki idan aka ɗora Krenko, Mob Boss, wani kati da ba na gunki ba, a matsayin shugaban damin, wato kwamanda. Sannan ba a sa kuɗi a wasan nan. A dokokinsa na farko akwai tsarin da mai nasara ke cinye katin abokin wasa, amma tuntuni aka soke shi, katunan da suka dogara da shi ma an haramta su.

Mataki na farko: san dokar salon

Dami na Commander kati 100 ne cif, har da kwamandan. Ba a maimaita kati, sai katunan ƙasa na asali irin su Mountain. Kowa yana farawa da rai 40, kuma yawanci mutum huɗu ake zama. Kwamanda ba ya shiga cikin tari a cakuɗa shi. Yana zaune a gefe a buɗe, ka kira shi fage duk lokacin da kake da abin biya. Idan aka kashe shi ko aka kore shi, kana iya mayar da shi mazauninsa, sai dai kowane sabon kira yana ƙara tsada da makamashi biyu. Makamashi shi ne abin da ake biyan kati da shi, wanda wasan ke kira Mana, kuma katunan ƙasa ne ke ba da shi. Doka ta ƙarshe ita ce ta launi: ba za ka sa katin da ke ɗauke da alamar launin da babu a jikin kwamandanka ba. Purphoros ja ne zalla, don haka damin ja ne da katunan da ba su da launi.

Mataki na biyu: karanta katin har sai ka gane abin da yake nema

A nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Su ga zane mai kyau da lamba babba, sai su tara duk wani kati mai ƙarfi na launin su zuba. Zauna da katin tukuna.

Purphoros, God of the Forge ya fito a jerin Theros na 2013, tare da Heliod da Thassa da Erebos da Nylea, kowanne da launinsa. Kula, akwai wani Purphoros ɗin daban, Bronze-Blooded, na jerin 2020, kuma aikinsa ba ɗaya ba ne da wannan. Namu ana biyansa makamashi huɗu, ɗaya daga ciki dole ja. Ƙarfin dukansa 6, juriyarsa 5, kuma ba a iya rusa shi: duka ba ya kashe shi, katin da ke cewa a rusa ma ba ya cinsa. Idan ka biya makamashi uku, halittunka duka suna samun ƙarin ƙarfi ɗaya har ƙarshen zagayen. Amma layin da ya fi komai shi ne wannan: duk sanda wata halitta ta shigo fage a ɓangarenka, Purphoros yana cire rai 2 daga kowane abokin hamayya.

Yi lissafin. Rai 40 ne, kowace shigowa tana cin 2, ke nan halitta 20 ta shigo an gama da mutum uku a lokaci guda, ba tare da ka kai hari ko sau ɗaya ba. Katin bai ce halittar ta zama babba ba, bai ce ta daɗe ba. Ɗan goblin, wata ƙaramar halitta ta wasan, mai ƙarfi 1 da dodon da ke cin makamashi bakwai farashinsu ɗaya a wurinsa. Ka ga ke nan katin da kansa ya gaya maka irin damin da yake so: ƙananan halittu masu yawa, masu arha.

Sai kuma sharaɗin da ke rikita sababbi. Purphoros ba ya zama halitta sai alamomin ja da ke cikin farashin katunanka na fage sun kai 5. Shi kansa yana ba da ɗaya. Kafin a kai biyar, yana nan a fage a matsayin laya kawai, wato katin da ke aiki a fage amma ba halitta ba, ba ya kai hari, ba ya tare hari, amma layin nan na cire rai 2 yana aiki daram. Sabon ɗan wasa yakan ɗauka burinsa ya cika biyar ɗin don gunki ya farka. A ganina akasin haka ne daidai. Da zarar ya zama halitta, katin da ke korar halitta daga wasa, irin Swords to Plowshares da ake biya da farin makamashi ɗaya tak, zai iya ɗauke shi, domin kora ba rusawa ba ce. Muddin yana laya, wannan kati ba ya ma iya nuna shi. Ka bar shi ya zauna kamar maigida a zaure, yara na shige da fice, ciniki na tafiya. Abin daɗin kuma, 'yan tokin, wato halittun da wani kati ke haifarwa irin goblin ɗin nan, ba su da farashi a jikinsu, don haka ko sun kai talatin ba sa ƙara ƙidayar ja ko da ɗaya.

Mataki na uku: raba gurabe kafin ka zaɓi kati

Ɗauki takarda da biro ka rubuta gurabe. Ga rabon da nake ba wanda zai fara: kwamanda 1, ƙasa 36, masu ƙara makamashi 10, masu jan kati 10, masu kawar da matsala 8, masu haifar da halittu 30, masu ninka ɓarna 5. Jimla 100. Ba wahayi ba ne, za ka taɓa shi daga baya, amma idan ba ka fara da shi ba za ka wayi gari da kati 130 da kake so duka, kuma abin da za ka fara yankewa shi ne ƙasa, wanda shi ne kuskure mafi tsada. Da ƙasa 36 cikin 99, hannun farko na kati bakwai yakan zo da biyu ko uku. Ka rage zuwa 30, sai ka yi ta zama kana kallon mutane suna wasa.

Mataki na huɗu: masu haifar da halittu

Nan ne zuciyar damin, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci. Ma'aunin da za ka riƙa auna kowane kati da shi ɗaya ne: jiki nawa yake kawowa a kan makamashi nawa?

Dragon Fodder da Krenko's Command kowanne makamashi biyu, goblin biyu, wato rai 4 daga kowa. Hordeling Outburst makamashi uku, goblin uku, rai 6. Goblin Instigator yana shigowa da ɗan rakiya ɗaya, Mogg War Marshal kuma yana ba da ɗaya a shigowa, ɗaya a mutuwa. Beetleback Chief da Pia and Kiran Nalaar kowanne jiki uku ne a makamashi huɗu. Siege-Gang Commander makamashi biyar, shi da goblin uku, jiki huɗu, rai 8 daga kowane mutum. A teburin mutum huɗu rai 24 ke nan da kati ɗaya. A saman akwai Myr Battlesphere mai cin bakwai, yana zuwa da 'yan rakiya huɗu, rai 10, kuma ba shi da launi, don haka bai taɓa ƙidayar ja ba. Irin wannan mai tsada kada ya wuce uku ko huɗu a damin.

Akwai guda biyu da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko Krenko, Mob Boss. Idan ka kwantar da shi, wato ka juya katin a kwance don amfani da aikinsa, yana haifar da goblin daidai yawan goblin ɗin da kake da su. A ce yana fage tare da Siege-Gang da 'yan rakiyarsa uku: goblin biyar ke nan, ya haifi biyar, rai 10 daga kowa, zagaye na gaba kuma goma, rai 20. Sai dai dole ya kwana zagaye ɗaya kafin ya fara aiki, kuma duk wanda ya san shi zai kashe shi a wannan tsakanin. Kada ka fito da shi sai ka ga mutane sun ƙarar da makamashinsu.

Na biyu Norin the Wary, ɗan matsoraci mai farashin ja ɗaya. Duk sanda wani ya jefa kati ko wata halitta ta kai hari, sai ya gudu daga fage, ya dawo a ƙarshen zagayen. A kowane dami daban wannan shirme ne. A wurin Purphoros kuwa kowace dawowa shigowa ce. Tunda da wuya zagayen mutum ya wuce bai jefa komai ba, Norin yakan ci rai 8 daga kowa kafin bi ya sake zagayowa kanka, kuma kashe shi sai an sha wuya, domin da an jefa katin kisan ya riga ya tsere. Idan kati ɗaya kawai za ka nema bayan kwamandan, shi ne.

Young Pyromancer ma yana da gurbi, tunda yana haifar da halitta duk sanda ka jefa katin da ake amfani da shi nan take a yar, kuma damin cike yake da su.

Mataki na biyar: makamashi da jan kati

Burin shi ne Purphoros ya sauka a zagaye na uku maimakon na huɗu. Don haka nemi kayan da ake biya da biyu ko ƙasa da haka: Sol Ring, Arcane Signet, Mind Stone, Fire Diamond. Wanda ake biya da huɗu ba ya taimaka maka a nan, domin a wannan lokacin kwamandan kake son kira. Ka duba jerin katunan da aka haramta kafin ka nemi wani abu da ka gani a tsohon jerin wani. Misali an haramta Mana Crypt da Dockside Extortionist a 2024.

Jan kati shi ne inda ja yake da rauni, kuma dami irin wannan yana zubar da hannu da wuri. Maganin farko Skullclamp. Yana ƙara wa halitta ƙarfi ɗaya ya rage mata juriya ɗaya, idan ta mutu ka ja kati biyu. Ɗaura shi a kan goblin mai juriya 1, nan take ya mutu, ka ja biyu a kan makamashi ɗaya. Goblin ɗin ya riga ya biya bashinsa tun da ya shigo, ba ka yi asarar komai ba. Ƙara da Outpost Siege, da Light Up the Stage, da Faithless Looting don sauya katunan ƙasa da suka yi maka yawa a hannu.

Mataki na shida: abin kare kai

Kowa yana ƙyashin ba waɗannan gurbi, har ranar da wani ya ajiye Torpor Orb. Wannan ɗan kayan aiki mai farashi biyu yana hana shigowar halitta tayar da kowane irin aiki, wato ya kashe damin naka gaba ɗaya yana zaune. Saboda shi da irinsa kake buƙatar Abrade da Vandalblast. Chaos Warp kuma dole ne, domin yana ɗauke kowane irin kati daga fage, har da laya, abin da ja ba ya iya yi da sauƙi. Sa Lightning Bolt don ƙananan halittu masu damun ka. Sa katin share fage ɗaya ko biyu, irin Chain Reaction da ke dukan kowace halitta daidai yawan halittun da ke fage. Naka za su mutu, gaskiya ne, amma sun gama aikinsu, kuma Purphoros yana nan ko ya farka ko bai farka ba.

A gurabe biyar na ninka ɓarna, Impact Tremors ne kan gaba: ƙarin rai 1 a kowace shigowa, sai Siege-Gang ya koma cin 12. Sai Goblin Bombardment, wanda ke ba ka damar sadaukar da halitta ka cire rai 1 a inda ka so, ba tare da biyan komai ba. Yana da wani amfani da ba kowa ya lura da shi ba. A ce kana da Purphoros, da Bombardment, da Impact Tremors, da Siege-Gang: ɗaya, ɗaya, ɗaya, biyu, ƙidaya ta cika biyar, gunki ya farka. Wani ya jefa masa Swords to Plowshares. Kafin katin ya yi aiki, sai ka sadaukar da Siege-Gang. Ƙidaya ta koma uku, Purphoros ya daina zama halitta, katin nasa ya rasa abin kamawa ya tafi a banza. Ka riƙa ƙirga alamomin ja a fagenka kowane zagaye, da ƙarfi ma in ta kama, don kada a yi musu daga baya.

Mataki na bakwai: samo katunan a Kano

Jera damin a intanet tukuna. Scryfall na nuna rubutun kowane kati, EDHREC na nuna abin da mutane suka fi sa wa kowane kwamanda, Moxfield kuma na ajiye maka jerin ya ƙirga komai. Kada ka kwafi na EDHREC ido rufe. Duba shi don tuna abin da ka manta.

Katin asali da dala ake saye, ga kuɗin aikowa, kuma duk wanda ya leƙa Wapa, kasuwar canjin kuɗi ta Kano, ya san abin da hakan ke nufi. Shawarata kada ka sayi ko ɗaya sai ka buga damin ka tabbatar kana son sa. Kai jerin wurin masu buga takardu, irin waɗanda ke kewayen jami'ar Bayero, a buga maka hotunan. Girman kati milimita 63 a faɗi, 88 a tsawo, guda tara ke shiga takardar A4 ɗaya. Ka tsaya a kansu su buga a ainihin girman, domin in aka bar na'ura ta daidaita da kanta sai katin ya fito ƙarami. Yanka da reza da rula, ka zura kowanne a ledar kati tare da tsohuwar karta mai faɗi a baya don ya yi ƙarfi. Ledojin su zama iri ɗaya masu duhun baya, yadda ba a gane kati ta bayansa. Wannan na wasan gida ne tsakanin abokai, bayan an yi yarjejeniya. Gasar da kamfanin ya amince da ita ba ta karɓar bugun kwafi. Idan ka tashi sayen na asali, fara da masu arha, ka ba wanda zai dawo daga waje saƙo, kuma ka yi hattara da mai sayar da kati mai tsada a farashin banza.

'Yan tokin ba sai an buga ba. Marfin lemo ya isa, ko ƙwayar wake, sai dai a ware waɗanda suka shigo a wannan zagayen daga waɗanda za su iya kai hari.

Mataki na takwas: gwada shi kai kaɗai, sannan da mutane

Cakuɗa sosai, ja bakwai, ka buga kamar da abokan hamayya uku da ba sa yin komai. Hannu mai kyau yakan tafi haka: zagaye na ɗaya Mountain, na biyu Mind Stone, na uku Purphoros, na huɗu Siege-Gang, kowa ya koma 32. Na biyar kana da makamashi shida, ka jefa Hordeling Outburst da Dragon Fodder, kowa ya koma 22. Rubuta zagayen da kake kai su sifili. Maimaita sau da yawa. Idan kullum hannunka na ƙarewa kafin rai ya kai rabi, ƙara masu jan kati. Idan Purphoros na sauka a makare, ƙara ƙasa ko kayan makamashi. Hannun farko da bai kai ƙasa biyu ba a mayar da shi; a wasan mutum da yawa sauyin farko kyauta ne.

Da mutane kuwa akwai abin da lissafi ba ya nunawa. Purphoros ba ya zaɓar wanda zai daka, kowa yake duka, don haka ba ka da aboki a teburin. Da ka cire wa mutum uku rai 8 a lokaci guda, sun zama jam'iyya ɗaya. Saboda haka kada ka riƙa ɗiga ɓarna kaɗan-kaɗan tun da wuri kana tara wa kanka maƙiya. Bar goblin ɗinka a gida su tare hari, ka tara kati biyu ko uku a hannu, ka jira rai ya sauko wajen ashirin, sannan ka zuba su a zagaye ɗaya. Ka kuma sani cewa wannan ɓarnar ba ta shiga dokar duka 21, wadda ke fitar da mutum daga wasa idan kwamanda ɗaya ya cire masa rai 21. Waccan ta harin gaba da gaba ce kawai.

Idan wani gunkin ne ya burge ka, matakin da zai canza shi ne na biyu da na huɗu. Xenagos, God of Revels, mai ja da kore, yana ninka ƙarfin halitta ɗaya a kowane harinka, don haka manyan dodanni yake so, goblin ba su da amfani a wurinsa, kuma ƙidayarsa 7 ce tunda launi biyu gare shi. Erebos yana hana abokan hamayya ƙara rai, yana kuma sayar maka da kati a kan ranka, sai ka nemi abin da zai mayar maka da ran.

Bayan kowane zama, ware katin da ya zauna a hannunka har aka tashi ba ka so jefa shi ba. Idan ya maimaita haka, cire shi ka sa wani, amma kada ka sauya fiye da uku ko huɗu a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka gane wanne ne ya gyara ko ya ɓata ba. Lokacin hunturu kuma ƙura na shiga bakin leda ta kankare fuskar kati, don haka a shimfiɗa ƙyalle mai tsabta kafin a baza, a ajiye damin cikin kwali mai murfi, nesa da rana da kofin shayi.